Wasiƙa Zuwa Damagaram: Tazarar da Ba Ta Kai Ƙwayar Gero Ba

Unguwar Kanawa,
Kaduna.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana nan lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki baki ɗaya, yaya sanyin Damagaram? Na san idan mu nan Kaduna muna kukan hunturu, to ku can sai dai a ce Allah ya kawo sauƙi, don iskar da take iso mana ta riga ta bi ta kanku tun tana da ƙarfinta. Yaya gwiwar taka kuma, tana barinka ka taka zuwa masallaci da asuba? Mu dai nan alhamdu lillahi, hazo ya rufe gari kwana huɗu ke nan, da safe idan na tsaya a bakin titi ko gadar Kawo ba na hangowa, ga leɓe duk ya tsage, ga mangwaron nan na tsakar gida da ka sani ya yi fure har ya ba ni tausayi saboda ƙurar da ta lulluɓe shi.

To, abin da ya sa na ɗauki biro yau maimakon in buga maka waya, magana ce ta taso a ƙofar gidana daren Juma'ar da ta wuce, kuma tun daga ranar kai kake faɗo mini a rai, kai da Kawu, Allah ya jiƙansa. Ɗan ƙanwata, wanda kake tsokana da ɗan boko tun yana ƙarami, ya zo hutu daga Amurka inda yake karatun injiniya, kuma muna zaune kan tabarma bayan isha'i ana shan shayi, da ni da shi da maƙwabcina tsohon soja wanda ya yi shekaru yana aiki a ma'ajiyar makamai kafin ya yi ritaya, sai yaron ya kawo labarin dattijon da yake haya a gidansa. Wai maharbin barewa ne, kuma ba ya sayen harsashi a kanti, da hannunsa yake haɗa nasa a wani ɗan ɗaki da ke bayan gida, abin da dokarsu ta can ta yarje musu. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda tsohon zai yi yammaci guda cur a kan abu ɗaya tak, wato iya zurfin da zai tura ƙwayar harsashi cikin kwansonta.

Ina jin haka sai na ga Kawu a gabana. Ka tuna hutun makaranta da muke zuwa ƙauye wajen Soba, mu zauna a zaure muna kallonsa yana ɗura bindigarsa ta toka? Ya zuba albarushi daga ƙaho, ya tura ɗan zaren rama, ya jefa dalma, ya sake bin ta da tsumma, sannan ya ɗauko sandar ɗurin nan ya riƙa dannawa a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron magana ta bayan danga. Kuma da gaske sauraro yake yi, don ya sha gaya mana cewa sanda tana da murya biyu, akwai ta lokacin da dalma take kan hanya, akwai kuma ta lokacin da ta zauna. Idan ya gama sai ya bar sandar a cikin bututu, ya jera yatsunsa a kan abin da ya yi saura a waje, ya duba tsagar da ya yi mata da magagari, sai ka ji ya ce to, ta zauna. Mu a lokacin mun ɗauka duk cikin al'adar maharba ne, kamar layu da kiɗan komo. Ashe awo yake yi.

Bari in ba ka yadda yaron ya bayyana mana, da gyare-gyaren da maƙwabcin nawa ya riƙa sa masa, don shi abin a hannunsa ya tsufa. Abin da mu muke haɗawa mu kira harsashi, abu huɗu ne a jiki ɗaya. Akwai kwanson tagulla, akwai 'yar hular da ke gindinsa wadda ke ba da tartsatsi idan an buge ta, akwai garin da ke ciki, sannan akwai ƙwayar da ke bakinsa, ita ce mai tafiya. Idan an harba, ƙwaya ta tafi, gari ya ƙone, amma kwanso yana nan, kuma shi ne mai tsada a cikinsu, to shi ne masu wannan sana'a suke tsincewa su wanke, su mayar da shi siffarsa, su sake cika shi. Aikin ƙarshe shi ne a ɗora ƙwaya a bakin kwanso a danna ta da wani ɗan injin hannu mai mariƙi, kuma a nan ne maganar zurfi take shigowa, don a samansa akwai abin murɗawa, in ka murɗa ƙasa ƙwaya ta ƙara nutsewa, in ka sassauta ta ƙara leƙowa waje.

To me ya sa wannan zai hana dattijo barci? Ka san bindigar Kawu cikinta sumul yake kamar bututun famfo. Ita kuwa bindigar zamani irin ta harbin nesa, cikin bututunta an yi masa tsaga a murɗe tun daga gindi har baki, ni da na leƙa irinta sai na ga ba abin da ta fi kama da shi kamar gonar da aka yi wa huɗa, ga kunya ga kwari, ga kunya ga kwari, sai dai su a karkace suke tafiya. Kunyoyin nan su ne suke kama jikin ƙwayar su juya ta kamar katantanwar da muke murzawa muna yara, kuma juyin ne yake sa ta tafi sak ba ta wuntsila ba. A bindigogin soja masu cin harsashin 7.62 na ƙawancen NATO, ƙwaya takan yi juyi ɗaya a kowane inci 12 na bututu, kuma tana fita da gudun da ya haura mita 800 a sakan ɗaya. Amma kunyoyin ba daga bakin kwanso suke farawa ba, akwai ɗan fili a gabansa, kamar gefen gona da ake bari kafin huɗar farko. Wannan ɗan filin da ƙwaya za ta tsallaka kafin ta taɓa kunya, shi suke kira tsalle. Idan ka tura ƙwaya can ciki, tsalle ya yi tsawo. Idan ka bar ta a waje, tsalle ya gajarce, har ta kai ga tana jingine da kunyoyin tun ba a harba ba.

Kuma kowane ɓangare da nasa haɗarin, a nan ne ma maƙwabcin nawa ya ajiye kofin shayinsa ya karɓe zancen. Ya ce ka dubi mai tura amalanke a Kasuwar Barci, idan akwai ɗan fili a gabansa kafin tudu, zai samo gudu ya haye, amma idan tayar tana manne da tudun tun farko, sai ya yi nishin da jijiyar wuyansa za ta fito. Haka ƙwayar da aka jingina da kunya, wutar da ke bayanta sai ta taru ta yi yawa kafin ta motsa. Sannan idan maharbi ya fasa harbi ya zo fitar da harsashin, ana samun ƙwayar ta maƙale a bututu, kwanso ya fito shi kaɗai, gari ya zube cikin bindiga, ga shi a tsakiyar daji. In kuma aka nutsar da ita fiye da kima, an cinye ɗakin da gari zai ƙone a ciki, wuta ta rasa wurin sakewa, nan ma matsi ya hau. Kuma ba ƙaramin matsi ake magana ba, aminina, don a irin wannan harsashi, a daidai lokacin tashinsa, abin da ke danna bangon ƙarfen yakan kai nauyin tan 4 a kan wurin da bai fi farcen ɗan yatsanka ba, kuma duk wannan a tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Da ya faɗi haka sai da muka yi shiru dukanmu.

Shi dattijon na Amurka, in ji yaron, ba ƙarfi yake nema ba, daidaito yake nema. Wai duk lokacin da aka harba, bututu yana karkarwa kamar tsirkiyar komo, ido ba ya gani amma yana yi, to idan ƙwaya ta fita a lokacin da bakin bututun yake tsakiyar kaɗawa, yau ta faɗa nan gobe ta faɗa can. Ɗan canjin zurfi yana canza lokacin fitarta da yadda take shiga kunyoyin, a miƙe ko a ɗan karkace. Saboda haka sai ya haɗa guda biyar a zurfi ɗaya, wasu biyar ya ɗan ƙara, haka haka, ya tafi filin gwaji ya kafa takarda a yadi 100, ya harba kowane kashi a nasa wurin, ya dawo ya auna wanne ne ramukansa suka fi taruwa wuri guda. Kuma yana da littafi, yaron ya ce ya gan shi da idonsa, duk ya yi baƙi da maiƙo, kowace bindiga da shafinta, don abin da wannan take so ba shi waccan take so ba ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Abin da ya ƙara burge ni, wai ba daga tsinin ƙwaya yake awo ba, don tsini yakan bambanta, wani ya ɗan lotse wani ya ɗan fi tsawo, daga kafaɗarta yake aunawa, wato daidai inda za ta fara gogar kunya. Kuma awon bana ba ya yi masa baɗi, saboda wuta tana cin farkon kunyoyin a hankali kamar yadda ruwan sama yake cin bakin huɗa, tsalle yana ƙara tsawo da kansa, sai ya sake aunawa ya sake rubutawa.

Da na tambayi girman tazarar da ake wannan wahala a kanta, sai yaron ya ce da kashi ɗaya cikin dubu na inci suke lissafi, kuma da yawansu tsallen da suke bari bai wuce rabin milimita ba. Ni kuwa ka san ni, lamba ba ta zauna mini sai na gan ta, to ranar Litinin da na shiga Panteka neman murfin tukunyar injin markaɗen Hajiyar nan, sai na tsaya wajen wani yaro mai injin sassaƙa ƙarfe, na roƙe shi ya buɗe mini ma'auninsa mai muƙamuƙi biyu daidai rabin milimita. Ya buɗe, na ɗaga shi sama wajen haske, da ƙyar na ga rana ta ciki. Akwai gero a aljihuna da na saya wa tantabaru, na ɗauko ƙwaya ɗaya na gwada, ko kusa ba ta shiga ba. Na daɗe a tsaye a wurin, ga ƙarar guduma ta ko'ina, ga tartsatsin walda, ga yaran nan suna ƙera tukwane da injinan niƙa daga ƙarfen da wasu suka zubar, ina ta tunanin da Kawu ya samu irin wannan ma'auni da ba ƙaramin murna zai yi ba.

Maƙwabcin nawa ya ce su a soja ba ruwansu da wannan gwaje-gwaje, kuma da gaskiyarsa. Ka san masana'antar makamai ta DICON da ke Kakuri, ƙetaren kogi, wadda ofishinta yake nan ɓangarenmu a titin Ahmadu Bello, an kafa ta a 1964, shekara ɗaya da makarantar horar da hafsoshi ta NDA da muka taso muna jin begilarta da asuba, kuma wani kamfanin Jamus mai suna Fritz Werner ne ya gina ta. To harsashin masana'anta dole tsawonsa ya zama ɗaya, na 7.62 ɗin nan kwansonsa milimita 51 ne, shi duka kuma kimanin milimita 71, don ya shiga gidan harsasai na kowace bindiga, ya kuma zauna lafiya a hannun kowane soja, ko a Kaduna aka yi shi ko a Beljiyam. Ya ce kamar rigar kanti ce da ɗinkin tela, kai da ka yi shekara talatin kana sayar da yadi ba sai an yi maka bayani ba. Ta kanti kowa ya sa za ta rufe shi, amma wanda tela ya auna kafaɗarsa shi ya san daɗin riga. Kuma ko shi dattijon mai littafi, gidan harsasan bindigarsa yana yi masa iyaka, in ya bar ƙwaya ta yi tsawo da yawa ba za ta shiga ba, sai dai ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan, shi ne yadda dokar Kawu da ta wancan dattijo suka zama kamar hannun dama da na hagu. Shi na can yana barin ɗan fili a gaban ƙwaya. Shi Kawu abin da ya fi tsoro a duniya shi ne fili a bayan dalma. Ka tuna yadda yake cewa kada a bar iska ta kwana tsakanin dalma da albarushi? Dalma in ta tsaya a rabin hanya, saboda dattin bututu ko gaggawar mai ɗuri, to ta zama toshiya, kuma bututu ne zai kumbura ko ya tsage. Ka kuma tuna mutumin nan na ƙauyen gaba da muke gani ran kasuwa, mai yatsa biyu a hannun hagu, wanda ya manta ya riga ya ɗura ya sake ɗura wani a kai? Ranar da aka kawo labarinsa Kawu bai ci tuwo ba, ya kira mu ya nuna mana tsagar sandarsa, ya ce da ya sa sanda ya duba da ta gaya masa. Kawu da wancan dattijo ba su taɓa jin labarin juna ba, ɗaya da yatsu ɗaya da ma'aunin ƙarfe, amma dukansu sun san cewa inda ƙwaya ta zauna shi ne rai da lafiyar mai bindiga, kuma dukansu ba sa yarda da ƙwaƙwalwarsu, sai sun sa shaida. Wallahi ina jin zafin yadda muke ɗaukar irin su Kawu a matsayin masu sa'a da asiri kawai, alhali mutane ne masu lura da kiyayewa, waɗanda da an rubuta abin da suka sani da ya cika littafi.

Kuma kada ka ɗauka sake cika kwanso baƙon abu ne a ƙasashenmu. Samori Ture, wanda Faransawa suka kama a 1898 bayan ya daɗe yana ba su wuya, maƙeransa suna gyara bindigogin Turawa har suna ƙera irinsu, kuma mutanensa suna tsince kwanson da aka harba a fagen fama a kai wa maƙera su sake cikawa. Ka ga ke nan akwai wani maƙeri baƙar fata da ya taɓa zama a gaban wuta yana tunanin iya inda zai tura ƙwaya ta tsaya, ba tare da littafi ko ma'auni ba. Ga kuma garin da kake zaune, ai Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a zamaninsa ana haɗa albarushi a nan cikin birni har ana zuba igwa. Abin mamaki kuma, a wannan shekara ta 1884 ne wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fito da garin bindiga marar hayaƙi, wanda shi ne ya sa harsashi ya ƙanƙance ya ƙara gudu, har awon da bai fi kaurin gashin kai ba ya zama abin kula. Don Allah in ka samu zama da dattawan unguwar Birni, musamman gidajen maƙera, ka tambayar mini ko akwai wanda ya gaji labarin yadda kakanninsu suke awo, da me suke aunawa, kuma me suke kiran sandar ɗuri a bakinsu. Ka rubuta mini ko da a bayan takardar lissafin shago ne.

Na san za ka ce wannan zance ne mai nauyi a irin wannan zamani, kuma haka ne. Shi ya sa ma da yaron ya gama labarinsa, maƙwabcin nawa ya dube shi ya ce, ɗana, wannan ka bar shi can inda ka gan shi. Dokar makamai ta ƙasar nan, tun ta 1959, ta hana mutum ya ƙera ko ya haɗa harsashi in ba a wuraren da hukuma ta amince ba, kuma ko bindigar toka akan nemi lasisi a kanta. Ni ma ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, don mun ga abin da harsashi ya yi wa ƙauyukanmu, mun san shekarun da hanyar Birnin Gwari ta zama abin da mutum zai yi sallama da iyalinsa kafin ya hau. Abin da ke sa ni ƙwalla shi ne kalmar kanta. Da muna yara, in an ce ga 'yan bindiga nan, da gudu muke fita, don su ne masu jajayen kaya a gaban sarki ranar hawan sallah a Zariya, su cika sama da hayaƙi da ƙara ba dalma a ciki, mata suna guɗa, dawaki suna rawa. Ka tuna hawan daba na 1977 da aka yi a nan Kaduna, da muka tafi tun duhun asuba don mu samu wurin tsayawa? Yau jikata in ta ji an ce 'yan bindiga a rediyo, sai ta zo ta riƙe mini riga.

Kafin in rufe, akwai abin da na ɓoye maka tun farkon wasiƙar. Washegarin wannan hira na shiga ɗakin ajiya na buɗe tsohuwar adakar Inna, ina da tabbacin na taɓa ganin wani abu a ƙasanta, sai ga sandar ɗurin Kawu a naɗe cikin tsohon zane. Bindigar kam tun rasuwarsa aka miƙa ta, amma sandar tana nan, ta yi tsatsa kaɗan, na goge ta da man gyaɗa. Tsaga uku ce a jikinta. Ta farko na gane ta, ta bututu ne in babu komai a ciki. Ta biyu ita ce ta ɗuri in ya zauna, wadda yake dubawa ya ce to. Ta ukun ce ta tsaya mini, tana can sama da sauran da kamar faɗin yatsa biyu, kuma ta fi su zurfi. Kai ka fi ni zama kusa da shi, kai yake ba riƙon ƙaho, to ko ka tuna ta mece ce? Ko ta babban nama ce, ko kuwa ita ce iyakar da in sanda ta kai yake fasa harbi?

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata Hajiyar nan tana godiyar kilishin da cukun da aka aiko, har maƙwabta sun samu. Ka shafa mini kan takwarana, ka ce ya dage da hadda. In Allah ya kai mu bayan sallah ƙarama kuma hanya ta yi kyau, ina so in biyo ta Kano da Daura in zo in kwana biyu a wurinka, zan taho da sandar ka riƙe ta da hannunka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan Kawu da iyayenmu baki ɗaya.

Wassalam,
Naka har kullum.